KUNAMA A MASHIN ƊIN YAYA

Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Har na masu zagi na gani. Kwana huɗu ban sa komai ba don hannuna ba ya son rubuta wannan wajen. Ga shi nan. Kuma kar wanda ya ƙara tambayata ko Dogo zai farka. Ban kai nan ba.

* * *

Kwana tara Dogo, ɗan ƙungiyarmu, yana kwance a asibiti bai buɗe ido ba.

Kwana tara tiyon birkin mashin ɗinsa yana aljihun wandona.

Ni na fara isa ƙarƙashin gada ranar da ya faɗi. Ni na ga tiyon ya kumbura kamar hanji, ya tsage ta gefe, man birki ya wanke tayar gaba. Na kwance shi na cusa a aljihu kafin sauran su iso. Daga baya kowa a ƙungiya ya ce wani ɗan ƙungiyar Kunama ne ya sha gabansa a kwana. Ban ce e ba. Ban ce a'a ba.

Don ni na ɗaura tiyon.

Ba nasa kaɗai ba. Mashin goma sha biyu ne a ƙungiyarmu ta 'yan Gaggafa, kuma ni ne makanikensu. Wata guda da ya wuce duk na canza musu tiyon birkin gaba, daga kwali ɗaya, wanda Yaya ya dire min a kan benci ya ce, "Na kamfani ne. Ga tambari nan."

Yaya shi ne Kyaftin. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shekara goma sha uku ya ba ni. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya kafa dokarta: ba ka hawa sai mashin ƙirar Gaggafa, kuma ko noti ɗaya aka samu a jikinsa babu tambarin gaggafa, a gaban kowa za a sa reza a yanke gaggafar da ke bayan jaket ɗinka. Na ga an yi wa mutum biyu. Ɗaya kuka ya yi kamar an yi masa rasuwa.

Ranar Alhamis na bi ta ƙofar baya na je wurin Tsoho, makaniken masu hawa ƙirar Kunama, abokan gabarmu. Na ce ya ba ni tiyon birki.

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Mashin ɗaya gare ku?"

Ɗaya kawai nake da zuciyar ɓoyewa. Na goge tambarin kunamar da magagari, na naɗe wurin da baƙin salatif, na ɗaura a mashin ɗin Yaya lokacin da ya shiga wanka.

Na ce aƙalla shi dai ya tsira.

* * *

Safiyar Asabar. Mashin goma a jere a gaban gareji, an wanke su sai ƙyalli suke. Na Dogo yana ciki a lauye ƙarƙashin tamfol. Nawa ma yana ciki. Na ce musu ba ya tashi. Ƙarya ce. Tsoronsa nake.

Za su tafi duba Dogo a ayari. Hanyar asibiti kuwa ɗaya ce: ka wuce rumfar 'yan Kunama, ka gangara dogon gangaren nan, ka sha kwanar gada. Inda ya faɗi.

A cikin gari tiyon nan ba ya nuna komai, don ba a matsa masa. Sai a gangare, idan birki ya ɗau zafi.

Tun da gari ya waye na kasa zama wuri ɗaya. Na sha ruwa ya fi sau biyar.

"Sifana, me ya same ka?" in ji Hayaƙi, yana gyara hular kwanonsa a madubi. Sifana suke ce min, don kullum tana hannuna. Shi kuma Hayaƙi don salansarsa da bakinsa duk ba sa shiru. "Tun ɗazu kake zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai."

"Ba komai."

"Ko budurwar ce ta hau bayan ɗan Kunama?"

Aka yi dariya. Na yi ƙoƙarin yi, ba ta fito ba.

"A jeru," in ji Yaya.

Kowa ya tsaya a gefen mashin ɗinsa. Kafin kowane ayari sai an yi tantancewa, kuma Kunne ne ke yi. Siriri ne, ba ya dariya. Daga ƙarar inji yake gane fulogin da ba namu ba, shi ya sa sunan. Yana tafe da tsumma da ɗan madubin da yake leƙa ƙarƙashin tanki da shi.

Na ɗaya. Na biyu. Na uku.

Kowanne sai ya shafa tiyon birki, ya ga gaggafa a ƙarfen bakinsa, ya gyaɗa kai. Ina kallon yatsansa yana wucewa a kan abin da zai kashe su, yana cewa, "Ya yi."

Ya zo kan na Yaya. Kullum sai dai ya ɗan daki tankin ya wuce, don girmamawa. Ya daka. Ya juya.

Na saki numfashi.

"Dawo," in ji Yaya. "Duba nawa ma. Yau don Dogo muka fito. Doka ba ta san Kyaftin ba."

"Haba Kyaftin."

"Na ce ka duba."

Kunne ya tsuguna. Ya bi inji, ya bi sarƙa, ya hau kan tayar gaba. Yatsansa ya tsaya.

"Kyaftin, yaushe ka fara sa wa mashin bandeji?"

"Wane bandeji?"

"Salatif ne nan."

"Don gogar ƙarfe ne," na ce. Muryata ta fito siririya, ba irin tawa ba. "Tiyon yana gogar ƙarfe, shi ne na naɗe."

Kunne bai ko dube ni ba. Ya sa farce ya kama bakin salatif ɗin.

Zagaye ɗaya. Biyu. Uku.

Ya tofa miyau a tsumma ya goge ƙarfen. Ya kara ɗan madubinsa. Ya daɗe yana kallo.

Ranar da na ɗaura, na goge kan tambarin, na goge ƙafafun. Wutsiyar ce ban goge da kyau ba. Tana nan a lanƙwashe, da ɗan ƙarinta.

Kunne ya miƙe a hankali.

"Kunama ce."

Ba wanda ya yi motsi. Can tsallaken titi mai walda yana ta aikinsa, ƙarar kawai ake ji.

"Me ka ce?" in ji Hayaƙi.

"Kunama ce a mashin ɗin Kyaftin."

Ido goma sha takwas suka juyo kaina. Na Yaya ne kawai suka tsaya a kan tiyon.

Ban ga tahowar Hayaƙi ba. Sai dai na ji bayana ya daki ƙofar gareji, wuyan rigata a hannunsa.

"Nawa suka ba ka?"

"Sake ni."

"Ɗan iska! Maci amana! Wa ke taɓa mashin ɗin Kyaftin in ba kai ba? Shi ya sa naka ya ƙi tashi, ko? Ka san abin da ka shuka!"

"Ku duba na Dogo!" wani ya ce daga baya. "Wallahi ku duba na Dogo!"

Mutum biyu suka ruga ciki. Na ji an yaye tamfol.

"Babu tiyo! An cire!"

Hayaƙi ya matso da fuskarsa har ina jin numfashinsa. Idonsa ya kaɗa. Shi da Dogo ɗaki ɗaya suke haya.

"Kai ka kashe shi."

"Bai mutu ba."

"Kai ka sa masa kayansu, ya fashe, ka cire don kar a gani. Yanzu ka koma kan yayanka. Yayanka, Sifana! Wanda ya koya maka riƙe filaya!"

Wani ya ɗauko ƙarfen cire taya. Na ji ƙararsa da ya ja shi a siminti.

"Hayaƙi." Yaya bai ɗaga murya ba. "Cika shi."

"Kyaftin, wannan yaron..."

"Ƙanena ne. Ni zan tambaye shi."

Ya kama hannuna sama da gwiwa, ya ja ni cikin ɗakin ajiyar kaya, ya tura sakata.

* * *

Ɗakin ƙarami ne. Taga ɗaya can sama, kantoci cike da gwangwanaye, warin baƙin mai. A bango akwai babban hoton mashin ɗin Gaggafa na farko da Yaya ya saya, rana ta cinye launinsa.

Ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu.

"Ina jin ka, Auta."

A gida kawai yake ce min Auta.

Na zaro tiyon Dogo daga aljihu. Na ɗora a kan kanta, a inda haske ke faɗowa.

"Na Dogo ne. Ba na Kunama ba ne, Yaya. Namu ne. Ga gaggafa nan."

Bai matso ba.

"Duba cikinsa. Babu zare. Tiyon birki na gaske akwai zaren waya a ciki, wannan roba ce zalla, ta ban ruwan fulawa ta fi shi. Yana ɗaukar zafi zai kumbura. Ba wanda ya sha gaban Dogo. Birki ya matsa, babu birki."

Na tura tiyon gabansa.

"Duk na waje irinsa ne. Kwali ɗaya. Na yanka ɗaya daga ragowar na gani. Yaya, an cuce ka. Jabu aka sayar maka. Dubi ma tambarin. Gaggafar tanki gashi bakwai gare ta a fiffiken hagu. Wannan shida ne. Na ƙirga ya fi sau ɗari."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ni na ɗaura su." Na nuna ƙofa. "Ka ga abin da suka so yi min yanzu. Tsoro na ji. Kullum na ce gobe zan faɗa."

"Sai ka canza nawa."

"Kai ne yayana."

Ya rufe ido.

"Ba wannan ba ne yanzu," na ce. "Ka fita ka hana su tafiya. Ka ce a ajiye mashin, a hau mota. Sannan ka faɗa min dilan da ya kawo maka kwalin. Mu je da su Hayaƙi mu..."

"Babu dila."

"Kamar ya babu?"

Ya buɗe ido. Ya sa hannu cikin aljihun jaket ɗinsa na ciki, wajen ƙirji. Ya fito da wani ɗan ƙarfe, tsawon yatsa, kansa ya baje saboda dukan guduma. Ya ajiye a gefen tiyon Dogo.

Na ɗauka. Na juya bakinsa.

Gaggafa. Gashi shida. Ƙarfen buga tambari ne.

Sai a lokacin na tuna farcen babban yatsansa da ya yi baƙi wata guda da ya wuce. Ya ce wa Inna ƙofa ce ta datse shi.

Ƙarfen ya suɓuce daga hannuna. Ya gangara ƙarƙashin kanta.

"Yaya..."

"Wata takwas ke nan kamfani ya daina aiko da kaya." Yana magana yana kallon hoton bango. "Sun rufe. Babu Gaggafa kuma. Na buga waya har layin ya daina shiga. Na je ofishin wakilinsu, na tarar ana sayar da katifu."

"Shi ne ka..."

"Fulogi na fara bugawa. Ba abin da ya faru. Sai sarƙa. Ba abin da ya faru. Na ce tiyo ma tiyo ne."

"Tiyo ba tiyo ba ne!"

"Rage murya."

"Ai da ka tambaye ni! Ni ne makanike! Tsoho yana da na kirki cike da kwali, bakinsu ɗaya da namu, ɗaurawa kawai za a yi!"

"In sa kayan Kunama?" Ya dube ni kamar na zagi Inna. "Ni?"

Na tsaya ina kallonsa. Wallahi da gaske yake. Dogo yana kwance da robar numfashi a hanci, shi kuma wannan ce ta fi ba shi kunya.

"Ka san wanene ni kafin ƙungiyar nan?" ya ce. "Mai ɗaukar kaya a bakin shago. Ba wanda ya san sunana. Yanzu in muka wuce, yara bin mu suke da gudu. Kunne da ka gani, matarsa ta tafi, aikinsa ya tafi, jaket ɗin nan kawai ya rage masa. In fita in ce musu me? Ku tuɓe, babu Gaggafa, tsofaffin mashina kawai kuke hawa?"

"Ka ce musu kar su gangara."

"Su ce don me?"

"Ka faɗi gaskiya."

"Mahaifin Dogo yana asibiti yanzu haka. Jiya ya riƙe hannuna yana min godiya." Muryarsa ta karye a nan, ya gyara ta. "In ce masa ni ne?"

Aka daki ƙofa.

"Kyaftin! Rana tana yi!"

"Ina zuwa!"

Ya matso ya dafa kafaɗata. Tafinsa jiƙe yake da gumi.

"Saurare ni. Ni ne a gaba, ba mai wuce ni. A hankali zan gangara, giya ta biyu, ba wanda zai matsa birki. Mu je mu dawo. Ranar Litinin ka canza su ɗaya bayan ɗaya, ka sa duk abin da ka ga dama, ka naɗe. Ba wanda zai sani."

"A hankali? Kai? A gaban rumfar 'yan Kunama?"

"Na ce a hankali."

"Dogo ma ai..."

"Auta." Ya matse kafaɗar. "In ka buɗe baki a waje, kai za su fara kashewa kafin su zo kaina. Kai ka ɗaura. Kai ka ɓoye. Ka fahimta?"

Na fahimta. Abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Ya zare sakata.

* * *

Hasken waje ya kashe min ido. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, ya koma Kyaftin kamar ba shi ne ya yi magana yanzu ba.

"Wauta ce," ya ce musu. "Ba cin amana ba. Tiyona ya ga kamar ya tsage, ya ji tsoron faɗa min, ya je ya samo abin da ya samu. Na Dogo kuma ni na ce ya cire. Amma doka doka ce. Kunne, reza."

Ba wanda ya yi gardama. Hayaƙi ya tofar da miyau gefe.

"Juya," in ji Yaya.

Na juya. Na ji rezar tana bin ɗinkin bayan jaket ɗina, tsit, tsit, tsit. Yaya da kansa ya ɗinka min ita ranar da na gama sakandare. Ya jefa gaggafar a kan benci. Ban ji komai ba. Ba ita ce a raina ba.

"To, mu tafi," ya ce. Ya nufi mashin ɗinsa.

Ya tsaya cak.

A ƙasa, cikin ƙurar bakin gareji, tiyon Tsoho ne a yashe, an sare shi gida uku.

"Mun cire maka ƙazantar, Kyaftin," in ji Hayaƙi yana goge hannu da tsumma. "Akwai ragowa a kwalin nan na kamfani. Ni da Kunne muka ɗaura, mun zuba mai, mun fitar da iska. Sabo fil."

Kunne ya shafa ƙarfen bakin tiyon da yatsa. "Ga ta nan. Ya yi."

Na ga wuyan Yaya ya motsa.

Ya dubi tiyon. Ya dube su, mutum tara, kowa da hular kwano a hannu, suna jiran ya yaba musu. Ya dube ni.

Na girgiza kai. A hankali. Don Allah.

Kalma ɗaya ce. Ya buɗe baki. Na ga ya buɗe.

"Madalla," ya ce. "Haka ake so."

Ya ɗaga ƙafa ya hau.

Inji goma suka tashi lokaci guda. Ƙasa tana rawa ƙarƙashin takalmina. Na tuna Inna da safe tana ce masa ya sayo mata maganin ƙafa in zai dawo. Na tuna 'yarsa da ke jiran ƙarar salansarsa a bakin ƙofa kullum.

Ban yi shawara ba. Ƙafafuna ne suka tafi.

Na haye bayansa na rungume cikinsa.

"Kai!" Hayaƙi ya yi ihu ta cikin ƙarar. "Gaggafa ba ta goyo! Sauka, an kore ka!"

"Sauka," in ji Yaya, bai juyo ba.

Na kai bakina gefen hularsa. "Ka faɗa musu, in sauka."

"Auta, ba ka da ko hula."

"In ka gangara, da ni za ka gangara. Sai ka san abin da za a faɗa wa Inna. Mu biyu gare ta."

Na ji cikinsa ya ɗaure ƙarƙashin hannuna. Na ce yanzu zai kashe inji. Yayana ne. Zai kashe.

"Bar shi," ya ce wa Hayaƙi. "Zai je ya nemi gafarar Dogo."

Ya saki kuloci.

* * *

Da farko ya cika alkawari.

Giya ta biyu. Mun wuce shagon mai walda, mun wuce gidan mai, mun wuce makarantar da ke da jan ƙyaure. Tara a bayanmu bibbiyu, ɗaya a ƙarshe, kamar yadda aka saba. Ina jin Hayaƙi yana murɗa totur a banza, ya ƙosa.

"Ka gani?" in ji Yaya. "A hankali."

Idona yana gaba.

Rumfar 'yan Kunama tana daidai inda gangare ya fara. Jajayen mashinansu a jere ƙarƙashin inuwa. Sun fi ashirin a zaune kan bencina. Sun ji mu tun daga nesa, sun miƙe.

Na hango Tsoho a bakin shagonsa. Ya dubi tayar gabanmu. Ya cire tabarau.

"Ah ah!" wani mai jar riga ya daka tsalle ya hau benci. "Jama'a ku zo ku gani! Gaggafa ta fara goyo!"

Dariya ta ɓarke.

"Kyaftin, acaɓa ka koma? Nawa ne zuwa kasuwa?"

"Ko jana'iza za ku? Wannan tafiyar ai ta kunkuru ce!"

"A tura muku? Man ya ƙare?"

"Kar ka kula su," na ce. "Yaya, kar ka kula su. Yaya."

"Ku sayar da su a kilo, ku sayi mashin!"

Ban ce ya yi niyya ba. Har yau ban ce ba. Hannun ne. Shekara goma sha ɗaya hannun nan bai taɓa wuce rumfar nan ba tare da ya murɗa ba.

Ya murɗa.

Mashin ɗin ya zabura, na kusa zamewa ta baya. Giya ta uku. Ta huɗu. Bayanmu tara suka amsa da ihu, kamar an kwance karnuka.

Titi ya sunkuya.

Iska ta cika min baki. Gidaje suka zama zane. Can ƙasa, nesa amma tana tahowa, ga gada, ga kwanar, ga katangar siminti mai fenti baƙi da fari.

"Yaya!"

Bai ji ba, ko ya ƙi ji.

Na saki hannu ɗaya. Tiyon Dogo na dawo da shi aljihu kafin mu fito. Na zaro shi na miƙa gabansa, na manna a gilashin hularsa, tsagar tana kallon idonsa.

"Tara ne a bayanka! Tara! Kunne yana bayanka! Hayaƙi yana bayanka! Duk kai ka buga musu!"

Daƙiƙa ɗaya.

Biyu.

Na ji wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ta bayansa na ji shi, ba ta kunne ba.

Ya saki totur. Ya ɗaga hannun hagu sama, a dunƙule.

Alamar tsayawa. A tsakiyar ayari. A idon 'yan Kunama da ke leƙe daga sama. Bai taɓa yi ba.

"Zan faɗa musu," ya ce. "Auta, zan faɗa. Bari mu tsaya."

Ya matsa birki.

Ya kama. Kan mashin ya duƙa, ƙirjina ya daki bayansa. Na ce Alhamdulillahi, a fili na faɗa.

Ya saki kaɗan, ya ƙara matsawa.

Ya kama, amma da laushi. Na leƙa ta gefen hannunsa. Tiyon ya fara ciki.

"Giya! Sauke giya, Yaya! Bar birkin!"

Ya sauke ɗaya. Inji ya yi kururuwa, tayar baya ta yi wutsiya. Gudun ya ragu, bai isa ba. Katangar tana girma. Yanzu ina ganin baƙin layin da tayar Dogo ta bari, da inda fentin ya ɓare.

Ya matsa na uku.

Fat.

Wani abu mai zafi ya fesa min a ƙauri.

Hannun birkin ya tafi salin alin, har ya taɓa robar da yake riƙe da ita. Ya saki. Ya matsa. Ya saki. Ya matsa. Kamar mai matsa iska.

Na ga ƙafarsa ta dama tana lalube a ƙasa, tana neman birkin baya.

Babu. A ƙungiyarmu ba mai birkin ƙafa. Shi ya ce a cire, shekara shida da suka wuce, don a matsar da matakan ƙafa gaba, zama ya yi kyau a hoto. Ya ce birkin ƙafa na 'yan koyo ne. Ni na kwance na ƙarshe.

Na dubi madubi.

Kunne ne daf da mu. Ya ga alamar, ya bi umarni, kamar kullum. Ina ganin yatsunsa huɗu a kan birki. Suna buɗewa. Suna rufewa. Suna buɗewa.

Bai rage gudu ba.

"Auta."

Ba muryar Kyaftin ba ce. Ta yayana ce, wanda yake goya ni zuwa makaranta.

Ya cire hannun hagu daga kan mashin, ya fizge igiyar hularsa, ya tuɓe ta, ya miƙo min ta baya.

"Sa."